Abin da Matar Yaya Take Faɗa

Sun fara rushe gidanmu na Sabon Garin Zariya. Ranar da aka cire kwanon rufi na je na tsaya a tsallaken titi, na dogara da sandata, ina kallon ɗakunan da na girma a cikinsu sun zama fili, kowa ya wuce ya leƙa. Wai shaguna za a gina, bene a kan bene, irin waɗanda suka cika unguwar PZ yanzu. Ban yi kuka saboda gini ba, gini ƙasa ne, kuma na binne mutanen da suka fi shi daraja. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗakin ƙarshe, na kusa da rijiya. A nan matar yayana ta rasu, tana faɗin wata magana da ba wanda ya gane a cikinmu, kuma ni ce na riƙe maganar a bakina har tsufa ya cim mini.

A lokacin da nake budurwa, ba agogo ke tashin layinmu ba. Jirgin ƙasa ne, in ya yi kuka daga tasha, sai ƙararrawar coci ta amsa masa, sai kiran salla daga masallacin bayan kasuwa, sai kuma Mama Ngozi, maƙwabciyarmu, ta fara zagin 'ya'yanta da yare uku. Aikina na farko jan ruwa ne, in cika randuna, in share tsakar gida, in hura wuta, kafin in zauna kan keken ɗinki. Yanzu janareta ke tashin mutane, jirgi ya daɗe da yin shiru, yara kuma suna gaishe ka ido na kan waya. A wancan lokacin, a layin nan akwai Inyamurai da Yarbawa da mutanen kudancin Kaduna, sai mu, Hausawa masu zuwa coci, waɗanda kowa ke yi wa kallon abin mamaki. A Sabon Gari ana ce mana Hausawa, in mun shiga birni a tambaye mu, “To asalinku fa, daga ina?” Baba, wanda ya tsufa a aikin reluwe, ba ya fushi da tambayar. Sai ya ce, “Duk wanda ka tambaya asalinsa sai ya nuna maka gabas. Ni dai kakana a Zazzau aka binne shi, wanda bai yarda ba ya je ya tono.”

Yayana shi ne hasken gidan. Gwamnati ta tura shi karatun likitan dabbobi a ƙasar Romaniya, ya daɗe, sai ga shi ya dawo da takarda da kuma mata. Doguwa ce, siririya, gashinta kamar gemun masara, sunanta Ilona. Inna ta gwada sunan sau ɗaya ta ajiye, ta ce tunda ranar Laraba ta shigo gidan, Laraba ce. Ni kuwa, da yake ƙanwar miji ce, sai na ɗauki wasan da al'ada ta ba ni, ina ce mata “matata”, ina tsokanarta ta kasa tuƙa tuwo. Ba ta daɗe ba ta iya Hausa, har da rama tsokana. Aikin Yaya a Samaru yake, can suka zauna, amma duk ranar Lahadi suna gidanmu. Ita ta koya mini yanka rigar yara ba tare da ɓarnar yadi ba. Tana son jan tattasai, ta shanya ta daka ta zuba a kan komai. Ta taɓa jiƙa kabeji da gishiri a tulu ta rufe, har ya yi tsami ya cika gida da wari. Inna ta toshe hanci ta ce, “Laraba, wannan abin naki mutuwa ya yi.” Ita kuma ta nuna ƙwaryar daddawa ta ce, “Inna, naki ya riga nawa mutuwa.” Har Baba sai da ya yi dariya.

Duk unguwa “Baturiyar Romaniya” ake ce mata, kuma duk lokacin da ta ji sai fuskarta ta canja. Wata rana muna tsince shinkafa a gindin mangwaro ta ce mini, “Ni fa ba 'yar Romaniya ba ce. Takardata ce ta Romaniya. Mu Magyar ne, waɗanda ake ce wa Hungariyawa.” Ta ce kakanninsu daga gabas mai nisa suka taso a kan dawaki, suka ƙetare duwatsu suka zauna, kuma harshensu ba shi da ɗan'uwa a duk maƙwabta, sai can wajen ƙasashen ƙanƙara ake samun danginsa na nesa. Su kuwa mutanen Romaniya suna cewa su jikokin sojojin Rum ne da mutanen da aka tarar a ƙasar, harshensu ɗan'uwan na Italiya ne. Yankin da aka haife ta, kowane ɓangare cewa yake shi ya riga zuwa. Ta ce kakarta ba ta taɓa barin ƙauyensu ba, amma bayan wani babban yaƙi ta wayi gari a wata ƙasa, iyaka ta tsallake ta tana kwance a ɗakinta. A makaranta da ofis ana matsa musu da harshen gwamnati, a gida su rufe ƙofa su yi nasu. Da Yaya ma harshen gwamnatin suke yi, don shi ya koya a can. Baba yana kan kujerarsa yana ji, ya ce, “Ashe har Turawa suna da 'yan ƙasa da baƙi. To Allah ya kyauta.” Ni kuwa na saurara kamar tatsuniya. A raina na ɗauka bambancin bai wuce na Zazzaganci da Sakkwatanci ba, ka yi wa mutum dariya amma ka gane abin da ya ce.

Da ta haihu, namiji, aka kawo ta gidanmu wankan jego. A nan aka fara samun saɓani. Ta ɗauki jaririn a gaban Baba tana sumbatarsa, tana kiran sunansa, Ishaku, Ishaku, tana yi masa waƙa da harshenta. Matan zumuntar coci da suka zo barka suka sunkuyar da kai. Mu mun bar abubuwa da yawa da muka shiga coci, amma ba mu bar kunyar ɗan fari ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in yana kuka ta kawar da kai har wani ya ɗauka. Inna ta kira ta ɗaki ta ce, “Laraba, a nan ba a yin haka. Ɗan fari na kakanni ne. In kina sonsa, ki so shi a ciki.” Ilona ta yi gardama, Yaya ya tsaya mata, suka koma Samaru, can tana yin yadda take so.

Yaron bai daɗe da fara tafiya ba Yaya ya yi hatsari a hanyar Kaduna. Ba zan tsaya a kan wannan ba, har yau ba na son bin hanyar. Bayan an share makoki aka karɓe gidan da wurin aiki ya ba Yaya, Ilona ta tattaro kayanta ta dawo ɗakin kusa da rijiya. Mutane suna tambaya me ya hana ta komawa ƙasarsu. Abu biyu ne. Hukumar can ba ta maraba da wadda ta auri baƙo ta fita, sannan Inna ta faɗa a fili cewa jinin ɗanta ba zai ƙetare teku ba. In za ta tafi, ita kaɗai za ta tafi. Sai ta zauna. Inna ta ɗauke Ishaku zuwa ɗakinta, kamar yadda kowace kaka ke yi, ba da mugunta ba, ita ma haka aka yi mata da nata ɗan farin. Ta kuma hana a yi masa wancan yaren. “Kada ki cusa wa jikana abin da ba mai ji,” in ji ta. “In ya girma ya zage ni da shi, ina zan sani?”

Abin da ya ba ni tsoro daga baya shi ne yadda Ilona ta iya kunyar. Mace mai baƙin ciki da ba ta da kowa sai dangin miji, ta ɗauki al'adarmu ta riƙe ta fiye da mu. Sunan Ishaku ya fita daga bakinta kaf. Sai dai “yaron nan”, ko “ɗan Inna”. In ya faɗi ya fasa gwiwa, tana kan keken ɗinki ba za ta ɗaga kai ba, ƙafarta kawai za ta tsaya a kan feda har sai ta ji na ɗauke shi. Rigunansa duk ita ke ɗinkawa, amma ni take miƙa wa in sa masa. Matan zumunta suka dinga yabonta, suna kafa misali da ita ga amarensu: “Ku dubi Baturiyar gidan reluwe, ta fi ku kunya.” Inna ta fara alfahari da ita. Ni ma na yi alfahari. Sau ɗaya na kama ta da rana tsaka, kowa na barcin zafi, ta tsuguna a ƙofar ɗakin Inna tana kallon yaron yana barci, leɓenta na motsi ba sauti. Da ta gan ni sai ta miƙe ta ce tsintsiya take nema.

Yana ajin farko na firamare ciwon ya kama ta, cikin zafin bazara, lokacin da ko ganyen mangwaro ba ya motsi. Zazzaɓi ne ya hau mata kai. An kai ta asibiti, aka yi abin da za a yi, aka ce mu dawo da ita gida mu yi ta addu'a. Tun ranar da aka ga abin ya yi tsanani Inna ta sa aka kai Ishaku Shika, gonar kawunmu, domin a wurinmu yaro ba ya ganin mai jinyar ajali. Ba wanda ya ga laifin haka. Da Ilona ta farfaɗo daga wani dogon suma muka yi murna, amma da ta buɗe baki sai muka ga Hausa ta tafi. Turanci ma ya tafi. Na kira ta “matata”, ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Magana ɗaya ta rage mata, tana maimaitawa, wani lokaci a hankali, wani lokaci da ƙarfi har jijiyar wuyanta ta tashi: “Hol bon o kishfiyom? Hozzatok ide.” Tana faɗa tana kallon ƙofa.

Kowa ya kawo fassararsa. Fasto ya ce addu'a ce, ya buɗe Zabura ya karanta mata. Mama Ngozi ta tsaya a bakin ƙofa tana share ido da zane, ta ce da gurɓataccen Turanci haɗe da Hausa, “Wetin she dey talk? Ku ba ta ruwa mana.” Muka ba ta ruwa, ta ture kofin. Inna ta ce Yaya take gani a ƙofa ya zo ɗaukarta, ta sa na sauke labule na tura ƙyaure, kada ya shigo. Baba, wanda ba ya shiga ɗakin mata, ya tsaya daga waje ya ce, “Harshen da aka sha da nono shi ke ragewa. Ku nemo mata ɗan ƙasarsu.”

Na sa takalmi na hau bas zuwa Samaru. A wancan zamanin Turawan gabas sun yi yawa a gidajen malaman jami'a, kana ganinsu a kasuwar Samaru da kwandunansu suna taya tumatir. Na dinga bi gida gida cikin rana, ina tambayar kuku da masu gadi ina ne gidan mutanen Romaniya, har aka nuna mini wata mata, matar wani malami. Ba ta san ni ba, amma da ta ji bayani ta ɗauki makullin mota. Har yau ina sa mata albarka. Ta shiga ɗakin ta durƙusa, ta kama hannun Ilona tana yi mata magana mai taushi da harshensu. Ilona ta ƙura mata ido, sai ta zare hannunta ta juya fuska bango. Can ta sake juyowa wajen ƙofa ta ɗauko maganarta. Matar ta saurara, ta sake saurara, sannan ta miƙe ta ce mini da Turanci, “Wannan ba harshenmu ba ne. Na mutanen Hungariya ne. Ko kalma ɗaya ban gane ba.” Na ce, “Ba ƙasarku ɗaya ba?” Ta ce, “Ƙasa ɗaya, amma harshena ya fi kusa da na Faransa a kan nata.” Ta ce akwai wani malami Bahungare a jami'a, amma ya tafi gida dogon hutu, sai damina ta yi nisa zai dawo. A lokacin na tuna hirar gindin mangwaro, na gane Ilona ta faɗa mini gaskiya tun da daɗewa, mu ne muka ɗauke ta tatsuniya.

Ba ta kai damina ba. Kwanakin da suka rage ina zaune a gefenta ina yi mata fifita, tana faɗa ina ji, har maganar ta zauna mini a ka kamar waƙar coci. Muryar ta dinga raguwa, daga baya leɓe kawai ke motsi, irin motsin da na gani a ƙofar ɗakin Inna. Ta cika da hantsi, idonta a kan ƙyauren da muka rufe. Aka binne ta kusa da Yaya, fasto ya yi wa'azi a kan baƙuwar da ta bar ƙasarta ta bi dangin mijinta, ya kira ta 'yar Romaniya, ba wanda ya gyara masa. Sai bayan an gama komai aka dawo da Ishaku daga Shika, da rake a hannunsa. Na so in faɗa wa wani maganar, Inna ta ce, “Ba a yawo da zancen mamaci. Wa ya sani ko baki ta yi mana?” Wannan tsoron ya shige ni. Na yi aure, na haifi nawa, na yi wa ɗan farina kunya kamar kowa, amma in ina wanke-wanke ni kaɗai sai in ji bakina yana maimaita ta, don kada ta ɓace.

Ishaku ya girma da Hausa da Turanci, ya yi karatu, aiki ya kai shi Legas, daga can ya wuce waje. Yaro ne mai ladabi amma mai nisa, ko ya zo gida ba ya daɗewa. Ya taɓa ce wa mijina shi bai san ko uwarsa ta so shi ba, don bai tuna ranar da ta kira sunansa ko ta rungume shi ba. Na ji zafin wannan, na ce masa kunya ce, al'ada ce, ya yi murmushi irin na wanda ba ya son gardama da babba. Daga baya na ji labarin ya je ƙauyen uwar tasa, bayan abubuwa sun canja a can, ya tarar tsofaffin sun ƙare, sai wata 'yar ƙanwar kakarsa. Wai har ya shiga aji yana koyon harshen, da furfurarsa.

Rushe gidan ne ya kawo shi Zariya, domin yana da gado a ciki. Ya same ni a tsallaken titin nan, ya rusuna ya gaishe ni, na ga gashin kansa ya yi fari fiye da na Baba lokacin da ya rasu. Ya riƙe hannuna muka tsallaka, muka bi ta kan ɓaraguzai har ɗakin kusa da rijiya. Leburori sun tafi cin abinci. Bango uku ne suka rage, ƙofar kuma an riga an cire ta. Na duba na ga Inna ta tafi, Baba ya tafi, Mama Ngozi ta koma ƙasarsu tun wani rikici ba ta dawo ba, ni kaɗai na rage da abin nan, kuma ni ma ƙafata ɗaya tana waje. In baki ne ta yi mana, ai ya daɗe da kama wanda zai kama.

Na ce, “Ishaku, an ce kana jin yaren uwarka.”

Ya ce, “Kaɗan-kaɗan, Gwaggo. Kamar ɗan koyo.”

Na ce, “Akwai abin da ta yi ta faɗa a ɗakin nan. Ban san ko bakina ya lalata shi ba.”

Na faɗa masa. Ya matso da kunnensa ya ce in sake, a hankali. Na sake. Ya maimaita da kansa, kalmomin suka fito daidai yadda take fitar da su.

Na ce, “Zagi ne? Faɗa mini, na tsufa da jin tsoro.”

Ya girgiza kai. Ya ce, “Cewa take, ina ɗan yarona? Ku kawo mini shi nan.”

Na nemi wuri na zauna a kan bulo. Shika ba nisa, ko a wancan lokacin mota ɗaya ce. Da ta ce Ishaku sau ɗaya, da kafin azahar yana gabanta. Amma mun koya mata kada ta faɗi sunan, ta kuma koya da kyau, har zazzaɓin da ya kwashe mata Hausa da Turanci bai iya kwashe wannan ba. Baƙin cikin da na ji a wurin ya fi na ranar da aka binne ta.

Ya ce, “Gwaggo, ina nake a lokacin?”

Na ce, “Kana gonar Kawu, kana shan rake.”

Ya saki hannuna, ya taka zuwa inda ƙofar take a da, ya tsaya a kan dokin ƙofa yana fuskantar kusurwar da gadonta yake. Ya faɗi wasu kalmomi biyu da harshen, da ƙaramar murya. Leburori sun fara dawowa da gudumominsu, suka tsaya daga nesa suna jira mu fita.

Na ce, “Me ka ce mata?”

Ya ce, “Na ce ga ni.”